Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gahawa Ba Shayi Ba Ce

Makon jiya na tsaya a zamana na Gembu, na yi alkawarin yau zan shiga zancen auren Yaya. Ku yi mini afuwa, maganar Kawu ce ta hana ni sakat. Allah Ya jiƙansa, kullum cewa yake yi gahawa ba shayi ba ce, ba a barin ta a wuta tana ɓararraka. Na san mutanen Sudan da Habasha dafa tasu suke yi a ɗan tulun ƙasa, wannan hanya ce daban. Shi ta tacewa yake nufi.

Kayan aikin ba su da yawa: mazurari irin V60 na kamfanin Hario, takardar tacewa daidai girmansa, buta mai siririn baki, sai ƙaramin sikeli. Cokali yaudara yake yi, a auna. Giram 15 na gahawa, giram 250 na ruwa, kofi ɗaya ke nan. A niƙa ta lokacin da za a sha. Ta fi garin tuwo kaushi, amma kada ta kai tsaki, wajen ƙwayar sukari dai.

Kafin komai a jiƙa takardar da ruwan zafi a zubar. Yana kashe warin takarda, yana ɗumama mazurari da kofi, abin da ba a wasa da shi da hunturu. Ruwan kuma ana son zafinsa tsakanin digiri 92 da 96. A Kano, in ya tafasa a sauke a ba shi kamar rabin minti. A kan tsaunin Mambila ba a jira, don saboda tudu ruwa yana tafasa ne a wajen 95.

Zubin farko shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Giram 30 zuwa 40 kawai, daidai abin da zai jiƙa garin duka, sai a ɗaga hannu sakan 40. Za ka ga ta kumbura tana kumfa, iskar da ta maƙale tun wurin suya ce ke fita. In ba a bari ta fita ba, ruwan sai ya kauce wa garin ya wuce. In kuwa ta kwanta shiru ko motsi babu, ta daɗe a ajiye. A nan Kawu yakan riƙe wa mutum hannu. Ba shayi ba ce.

Wanda ya ce a gaban baƙi wai na koyo ƙaƙale na 'yan zamani ya san kansa. Tun 1908 wata matar aure a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta fara tacewa da takarda. Mai sukar dai bai taɓa mayar da kofin da na miƙa masa ba.

Sauran ruwan a zuba shi siriri, daga tsakiya ana zagayawa waje, ba tare da an taɓa bangon takardar ba, don ruwan da ya bi ta can bai ɗauki komai ba. A kai giram 150 a kan sikeli, a bari ya ɗan sauka, a cika 250. Duka-duka minti uku, ko da ɗan ɗoriya. Garin da ya rage ya kwanta a shimfiɗe, ba rami a tsakiya.

In ta tsiyaye a minti biyu ta fito da tsami, salam, niƙan ya yi kaushi ko ruwan ya huce. In ta kai minti biyar ga ɗaci da bauri a harshe, ya yi laushi ya toshe takardar. Abu ɗaya ake gyarawa a zama ɗaya, a fara da niƙa. In an gyara duk wannan har yanzu ba daɗi, a tuhumi ruwan, musamman na burtsatsen da ke barin farin ɓawo a gindin buta.

Zancen Yaya sai Juma'a mai zuwa, in Allah Ya kai mu.