Sana'ar Kai Baƙi Bakin Ruwan Dutsen Kwatarkwashi

Sana'ata kai mutane dutse. Ni da yarana muna ɗaukar baƙi daga Gusau, mu bi hanyar Funtuwa zuwa Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu, mu hau da su har inda ruwa ke zubowa, mu sauko kafin la'asar. Tafiyar ba ta da tsawo, ko dattijo mai sauran ƙarfi zai iya, in dai ya samu wanda ya san inda ake sa ƙafa.

Baƙi da yawa suna zuwa da hoton Gurara ta jihar Neja ko Matsirga ta wajen Kafanchan a waya, suna tambaya ko haka namu yake. Nakan faɗa musu gaskiya tun a mota. Waɗancan kogi ne ke faɗowa daga tudu. Namu ruwan sama ne da dutse ya tara a kwarminsa ya sako, don haka na damina ne, daga Yuli zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta lokacin malka. In an kwana ana ruwa, safiyar nan ita ce ake nema. Ruwan yakan biyo tsagar dutse fari tas, ya bugi falale ya tarwatse, feshinsa ya jiƙa maka fuska tun kana nesa. Da kaka ta kama, abin da zai rage sai baƙin zane a jikin dutsen. Wanda ya karɓi kuɗinka a watan Maris ya ce zai nuna maka ruwa, ya cuce ka.

A wurin kawuna na koya, Allah ya jiƙansa, maharbi ne. Ba ya yawan bayani. Sai ya tsaya ya nuna wuri da sanda ya ce, "Ɗana, taɓa nan." In taɓa in ji tsantsi. Ya matsa taku biyu ya ce in sake taɓawa, in ji kaushi. A ido duk dutse ɗaya ne, amma inda ruwa ya saba bi gansakuka ta kwanta, siririya, wani lokaci ma ba kore ba ce, baƙa ce mai sheƙi, kuma ita ke kayar da mutane. Shi ya koya mini in tafi a karkace a kan gangare, in dasa tafin ƙafa gaba ɗaya, kada in taɓa cusa hannu a tsagar da ban leƙa ba saboda kububuwa da kunama. Shi ya fara nuna mini farin tabo a can saman bango, inda mikiya ke sheƙa a da. Dutsen nan ya yi suna da mikiya, har a da mutanen garin suna bikin kamun maiki, wato mikiya, wanda suka gada daga kakanni. Yanzu da wuya ka ga ko ɗaya, abin yana ci mini rai.

Sai karatun sama. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma a kan falalen dutse mutum shi ne abu mafi tsawo, aradu ba ta da wanda za ta nema sai shi. Da na ga gabas ta haɗe, iska ta juya da sanyi, sai in ce a juya, ko saura kaɗan mu kai. Wani ya ɓata rai: "Haba Malam, ga ruwan can muna ji!" In ce, "Yallabai, ka yi haƙuri, gobe ma rana ce." Ba na karɓar ko sisi a kan dawowar.

Nan ne samarin da suka shigo aikin jiya suke ƙona mini rai. Yaro ya tsaya bakin hanya da babur, ya yi wa baƙo rabin farashi, ya hau da shi da silifas, ba igiya, ba akwatin magani, bai tambayi kowa a gari ba. Mu ba ma taka dutsen sai mun gaida mai unguwa, mun ji daga 'yan sintiri cewa daji lafiya, don kowa ya san halin tsaron da Zamfara ke ciki. In labari bai yi daɗi ba, ranar babu tafiya. Amma sai baƙo ya zo yana taya ni kamar mai sayen tumatir, wai yaron can ya ce zai yi masa ƙasa da haka. Ranar da wani ya gurɗe a sama, mu ake kira mu sauko da shi.

Igiyarmu ni da kaina nake bin ta da hannu kafin kowace fita, in na ji zare ya fara tsinkewa ta tashi daga aiki. Yaro ba ya ja gaba sai ya yi damina cur yana bin bayana. In 'yan makaranta ne, malami ɗaya gaba, ɗaya baya, yarona a tsakiya, kuma mata suna da wurin hutawarsu daban. A bakin ruwan mukan shimfiɗa tabarma, a dama fura da nonon da muka saya a gari, a yi hotuna, sannan mu kwashe ledojinmu har da na waɗanda suka riga mu.

Mai son zuwa ya taho da kambas mai ƙasan roba da kayan canji, ya kuma sanar da mu tun dare, don da sassafe muke tashi daga Gusau.