Abin da ƙidayar masu mura ta koya mani a Tawa

Duk wanda ya taɓa aiki a CSI, wato ƙaramin asibiti, nan Tawa ya san yadda benci ke cika da zarar an shiga Disamba. Hunturu ya taso, ƙura ta rufe gari, sai ka ga uwaye da goyo sun yi layi tun da sassahe, wanga na tari, wancan majina har baki, wani jiki zahi rau ya ƙi nono, kuma maganar kowa guda ce, lokotoro mura ce, sanyi ne ya kama shi. Cikin wanga cunkoso ne anka ɗora mani aikin sa ido kan mura mai tsanani, wadda muke ce ma girip, wato in tantance wa ke da alamunta, in ɗauki majina, in rubuta, in aika. Aiki ne da ba ya da armashi a ido amma ya canza mani yadda nake kallon kundin asibiti gaba ɗaya.

Abu na farko da majo, shugaban asibitinmu, ya zaunar da ni a kai shi ne ba kowane mai tari ake ƙidayawa ba. Akwai ƙa'idar da OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta shimfiɗa: zahin jiki ya kai digiri 38 ko ya wuce kuma a auna shi da tarmometir, mutum shina tari, kuma ciwon bai wuce kwana 10 da farawa ba. In har ciwon ya kai a kwantar da shi to ya shiga wani rukuni daban, na masu tsanani. Da yawa uwa za ta zo ta ce maka wallahi jiya da dare jikinshi kamar wuta, kuma gaskiyarta ce, amma ta riga ta ba shi parasetamol kahin su taso, ka auna ka ga 37 da ɗan wani abu. Zuciyarka na ce maka girip ce, za ka duba shi ka ba shi kulawar da ta dace, amma cikin wancan layi na ƙidaya ba za ka sa shi ba. Da wuya a rai, amma in kowa ya bi zuciyarshi to lissahin Tawa ba zai taɓa haɗuwa da na Maradi ko na Yamai ba, balle na Dakar, kowa na ƙirga abu daban da suna guda.

Ranar da ciwo ya fara ma sai an yi dabara. In ka tambaya yaushe ya fara, za a ce ya kwana biyu, kuma kana iya tarar da sati biyu ne. Sai na koma tambaya da abin da mutane ke riƙewa, Inna kahin Juma'a ne ko bayanta, ranar da kunka je suna shina tari ko a'a, nan take sai ki ga ta tuna daidai.

Ɗaukar majinar kanta, ɗan siririn tsinke ne mai auduga a kai, a zura shi can cikin hanci a juya, a tsoma cikin 'yar kwalba mai ruwan da ke adana ƙwayar cutar. Yaro ba ya so, kuka zai yi, dole uwa ta rungume shi ta riƙe hannuwa ni kuma in tallabe kai. Tun bayan korona mutane sunka ɗauki tsoron wanga tsinke, wasu da sun gan shi sai su miƙe su ɗauki goyonsu, don haka ba na buɗe ledar sai na gama bayani kuma an yarda. Tambayar da ta fi yi mani nauyi kullum ita ce, lokotoro to yaushe zan dawo in amshi sakamako? Nan ne na koyi cewa gaskiya za ka faɗa ko da za a ƙi. Nakan ce Inna maganin ɗanki yau za mu ba shi ba sai mun jira komai ba, wanga da za mu aika Yamai don a san irin ciwon da ke yawo a gari ne, amfaninshi na ɗiyan kowa ne. Wasu su ce a'a, kuma haƙƙinsu ne, ba a fushi da su ba a rage masu kulawa. Amma mafi yawa sai su ce to ɗauka, Allah shi sa a dace, kuma wallahi har yau wagga amsa na taɓa ni.

Bayan an ɗauka sai wahalar sanyi. Kwalbar nan tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma ta isa labo cikin kamar kwana 3, in za ta wuce haka sai an daskarar da ita a 70 ƙasa da sifili, abin da ƙaramin asibiti ba ya da shi, firiza irin ta gida kuma lalata ƙwayar take. Daga nan zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso ya fi kilomita 500, ga ɗaukewar wuta, ga zahin Afrilu da ke narkar da ƙanƙarar gilasiye, akwatin sanyin da ake ɗaukar kwalaben ciki, tun ba a yi nisa ba. Can CERMES, labon binciken cututtuka da ke Yamai, ne ake gwajin PCR mai gano ƙwayar cutar, a gane ko girip iri A ce ko iri B, in A ce wane reshenta ne, H1N1 ko H3N2, kuma tun 2009 ƙasarmu ke wanga sa ido ta wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe shi ne kwalbar da ta sha zahi a hanya tana iya fitowa babu cuta alhali akwai, kuma wannan ya fi a ce ba a aika ba muni, don za a rubuta cewa gari lahiya lau ne. Shi ya sa nake tsara ɗauka da ranar tahiyar mota, kuma in na ga sanyi ya yanke sai in rubuta a jikin takarda ƙarara, su can su san abin da ya iso hannunsu.

Amma darasin da ya fi zama mani a kai shi ne na satin da babu komai. Kowane sati rahoto na tahiya disitirik, daga nan ofishin lahiya na jiha, sannan ma'aikatar lahiya ta ƙasa. In an shiga watannin da masu tari sunka ragu sai jiki ya yi sanyi, mutum ya ga to mi zan aika tunda ba kowa. Majo ya ce mani, ƙanena gurbin da ka bari fayau da wanda ka rubuta 0 ba ɗaya ba ne, na farko ba a san ko ka duba ba, na biyu ka duba ba ka gani ba. Kuma haka ne, ba yadda za a yi a gane cewa ciwo ya tashi a Janairu in ba a san yadda yake a Mayu da Yuni ba. Sannan adadin masu alamu shi kaɗai ba ya cewa komai sai an haɗa shi da jimillar waɗanda sunka zo asibiti a satin, misali mutum 30 cikin 100 da mutum 30 cikin 600 ai labari biyu ne daban.

Damina kuma palu, masassarar cizon sauro, ke rufe komai. Daga Agusta zuwa Oktoba duk masassara palu ce a bakin jama'a, a yi TDR, gwajin palu na nan take, in ta nuna a ba da magani a wuce, ba a ma tambayar tari. In ba ta nuna ba sai hannu ya tafi ga antibiyotik, in mu ba mu rubuta ba a saya wurin mai tallar magani a bakin kasuwa, alhali amoksisilin ba ya komai ga ƙwayar girip sai in wani ciwon huhu ya hau kai. Wanga abu yana ci mani rai sosai, don kuɗɗin talaka ne ke tahiya a banza kuma maganin na rage ƙarhi ga ranar da za a buƙace shi da gaske.

Lissahin namu ba a Yamai yake tsayawa ba. OMS na da tsarin labo-labo na duniya tun 1952 da ke tattara irin waɗanga bayanai, kuma sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, masana ke zama su zaɓi irin ƙwayoyin da za a sa cikin allurar rigakahin shekara, don cutar tana canza kama kullum. A ƙiyasinsu mutum kusan biliyan 1 ke kamuwa duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 su yi tsanani, 290,000 zuwa 650,000 su rasu. Ba zan ɓoye ba, yana damuna cewa wagga allura ba ta cikin rigakahin da muke yi ma yara da masu ciki kullum a nan. Amma ban yarda aikin banza muke ba. A 2006 an samu murar tsuntsaye H5N1 a Magarya, a 2009 sabuwar H1N1 ta game duniya, kuma da korona ta shigo mana ranar 19 ga Maris 2020, labon da ya saba gwajin girip da ma'aikatan da sunka saba da tsinken nan su ne anka fara dogara da su. Ba ranar da annoba ta faɗo ake koyon riƙe gilasiye ba.

Waɗanda nake jiye ma tsoro su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5 musamman masu tamowa, mata masu ciki, tsohhi, da masu asma ko ciwon suga. Yanzu duk uwar da ta zo sai na nuna mata yadda ake kallon numfashi, ta ɗaga rigar yaro ta duba, in ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki ko numfashi na sauri to kar ta jira gari ya waye. Mu muna ƙirgawa da agogo, in numfashi ya kai 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, to ya yi sauri, ita ba sai ta ƙirga ba idonta ya isa.

Kuma ko mun yi komai daidai, kundinmu wanda ya iso ƙofa kawai yake gani. Yaron da ke can ƙauye bayan duwatsun Adar, ko cikin ruga, wanda babu kuɗin kabu-kabu a kawo shi, ba ya cikin lissahin kowa ko da shi ne ya fi jin jiki. Shi ya sa a taron wata nake roƙon a riƙa tambayar ma'aikatan ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka da 'yan sa-kai na unguwanni abin da suke gani, ko ta talho ne, in sun ce tari da masassara sun yi yawa a gari kaza mu rubuta shi gefen rahoton satin mu aika tare.