Bindigata ta farko

Na daɗe ina auna Remington 870 da Mossberg 500, bindigogin da ake ɗanawa da jan mariƙin gaba, domin ina son guda ɗaya da za ta yi mini wasan harbin farantan yumɓu da kuma tsaron gida. Da yake ni bahago ne, Mossberg ta fi kwanta mini a rai, saboda makullin kariyarta yana sama inda babban yatsa ke isa ta kowane hannu. Na ɗauki mai geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin ramin bututun bindiga) da bututu biyu, mai inci 28 don faranti da mai inci 18.5 don gida. Ranar farko kafaɗata ta ji jiki, domin ban manna gindin bindigar sosai ba.