Kibod mai sifirin bai ƙara mini sauri ba, amma yatsuna sun huta

Shekara shida ke nan ina buga wa ɗalibai furojet a shagonmu da ke Samaru, Zariya. Idan lokacin miƙa aiki ya ƙarato, tun da hantsi nake zama har bayan isha'i, ba abin da ke tashi na sai salla da abinci. Da irin kibod ɗin nan da ke zuwa tare da kwamfuta nake aiki. Shimfiɗar roba ce a ƙarƙashin maɓallansa, dole ka danna har ƙasa kafin harafi ya fito. Kafin la'asar ƙaramin yatsana na hagu ya yi tsami, wuyan hannuna na zogi.

Bara ƙanena ya kawo mini wani na hannu, irin wanda ake kira makanikal. Shi kowane maɓalli da nasa sifirin. Nawa yana ɗauke da irin maɓallan da ake kira Cherry MX Brown, na wani kamfanin Jamus. Zurfin maɓallin milimita 4 ne, amma a milimita 2 harafin ya riga ya shiga, kuma daidai wurin za ka ji ɗan tudu a yatsanka yana gaya maka ya isa. Sai da na yi kusan sati uku kafin hannuna ya yarda ya daina dukan maɓalli har ƙasa. Ranar da ya yarda, na tashi daga aiki ban matsa yatsuna ba, abin da na daɗe ban gani ba.

Sauri kuwa, na gwada kaina a Monkeytype, shafin intanet na gwada saurin bugu, kafin na canja da kuma bayan wata biyu. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Saurina ya samo asali ne tun ranar da maigidana na farko ya rufe mini hannu da ƙyalle, ya ce in nemo ƙurajen nan biyu na kan F da J da yatsa, kar in kalli ƙasa. Abin da sabon kibod ya ba ni shi ne, yadda nake bugu da safe haka nake yi da magariba, kuskure kuma ya ragu.

Yana da ƙara, ko da yake bai kai irin Cherry MX Blue ba, wanda ke ƙas-ƙas kamar tafireta. Abokin aikina ya yi ƙorafi da farko, sai na shimfiɗa wa kibod ɗin tawul a ƙasa, ƙarar ta lafa.

Da hunturu ya shigo da ƙurarsa, na ciccire maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na wanke su da ruwan sabulu, na share cikin da burushi, na shanya su a inuwa. Washegari na mayar, na ci gaba da babi na huɗu na wata ɗalibar sashen Hausa.