Cin rani a hamadar Arizona: wata huɗu a motar tafi-da-gidanka

Shekarar da na ajiye aiki, ba sanyin jihar Minesota ta Amurka ne ya ƙaru ba, ni ne na samu lokacin jin sa. A da, tun da duku-duku zan kankare ƙanƙara daga gilashin mota in wuce ofis. Yanzu kuwa sai in tsaya bakin taga da kofin shayi ina kallon titi fari fat, rana ta faɗi kafin ƙarfe biyar, yara kowa ya kama gidansa. Hajiya ce ta fara gajiya da ni. Ta ce, "Malam, ka zama kujera ta uku a falon nan. Ko dai ka nemi abin yi, ko mu bi tsofaffin unguwa kudu."

Tsofaffin unguwar da take nufi su ne waɗanda Amurkawa ke wa laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara: da kaka ta yi sai su kulle gida su gangara jihohin kudu masu ɗumi, sai bazara su dawo. Ni da na tashi ina ganin 'yan cin rani suna barin ƙauye bayan girbi, ban ga wani baƙon abu ba, illa dai su waɗannan ba kuɗi suke nema ba, kashewa suke zuwa yi. Muka sayi motar kwana ta hannu, mai gado da kicin da ɗan banɗaki. Hausawa mun daɗe muna cewa tafi-da-gidanka ga waya da kotu, sai ga shi kalmar ta samu ainihin mai ita. A watan Nuwamba na 2021 muka ɗauki hanya, kusan kilomita 3,000, kwana biyar, har garin Quartzsite a yammacin Arizona.

Garin bai fi mutum dubu biyu da 'yan ɗari ba in ana zancen mazauna na dindindin, domin da rani zafinsa kan haura digiri 43. Amma da sanyi ya shigo sai hamadar da ke kewaye da shi ta cika da fararen motoci iya ganinka. Filin na gwamnatin tarayya ne. A sashen da ake kira La Posa muka biya dala 180, kuɗin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu ke nan a wancan lokaci. Abin da kuɗinka ya saya maka shi ne famfon ruwa, ramin zubar da ƙazanta, da kwandon shara. Babu lantarki, babu lambar fili. Ka zaɓi inda ya yi maka, ka jera duwatsu ka shata iyaka kamar mai sabuwar gona.

Tambayar da kowa ke mini a waya ita ce: to me kuke yi duk yini? Ni ma ita na tafi da ita. Na ɗebi littattafai kwali guda saboda tsoron zaman banza. Biyu na karanta.

Ruwa ne ya fara cinye mini lokaci. Tankinmu lita 150 yake ɗauka, kuma a makon farko kwana uku kawai ya yi mana, don mun zo da hannun mutanen birni. Kowa a sansanin yana tattalin ruwa, amma mu muna da ƙarin abin da maƙwabta ba su da shi: alwala sau biyar, mutum biyu. Sai muka koma buta. Buta ɗaya ta ishi mutum alwala biyu in ya nutsu, abin da kakata ta sani ba tare da wani ya koya mata ba. Wanke-wanke a roba biyu, wanka da ɗan bokiti da moɗa. A haka muka kai tankin kwana tara. Ranar ɗibar ruwa kuwa yini ne sukutum: a naɗe rumfa, a ɗaure kwanuka kada su zube, a tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa famfo, a bi layi. Ina tsaye a layin nan wata safiya, bayan wani tsohon injiniya da ke riƙe da jarka biyu, dariya ta kama ni. Shekara arba'in da suka wuce na bar ƙauye ina murna na rabu da zuwa rijiya.

Zubar da tankin banɗaki shi ne jarrabawar sabon zuwa. Ka'idar ita ce a fara sakin na banɗaki, sannan na ruwan wanke-wanke ya biyo ya ɗauraye tiyo. Ni na san wannan. Abin da ban yi ba shi ne murɗa bakin tiyon har ya kama. Ba zan faɗi sauran ba, sai dai takalman nan ban sake sa su ba, kuma motoci shida ne a bayana suna kallo. Wata tsohuwa ta sauko daga motarta ta miƙo mini safar hannu ta roba, ta ce kowa a layin nan ya taɓa yin irin wannan, wanda ya musa maƙaryaci ne.

Sai wuta. Faifan sola biyu ne a rufin motar, da batir biyu a ƙasa. Da rana akan samu digiri 18 zuwa 20, amma dare kan sauka kusa da daskarewa, kuma abin da ba a faɗa mini ba shi ne na'urar ɗumama ɗaki gas take ƙonawa amma fankarta batir take sha. Daren farko da muka bar ta a kunne, ƙarfe uku komai ya mutu. Daga nan na zama mai duban rana. Da safe in hau tsani in goge ƙurar faifan, in karkata shi kudu don ranar hunturu ƙasa-ƙasa take bi, in leƙa mita kafin a sa waya a caji. Ranar da hadari ya rufe sama, sai ka ji janareto na tashi nan da can, masu sola zalla suna tsaki.

Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne alƙibla. Mu a bakinmu "gabas" da alƙibla abu ɗaya ne. A nan kuwa alƙibla ta fi kusa da arewa, ɗan karkatawa kaɗan zuwa gabas. Na saba da hakan a cikin masallaci a Minesota, inda sahu ya riga ya nuna maka, amma a fili, rana na fitowa ta damanka kai kuma kana kallon wani wajen, sai zuciya ta yi ta gardama. Na jera duwatsu na yi ɗan masallaci a gefen mota, da mihirabinsa. Batun ƙasaru bai ɗauki lokaci ba: mun yi niyyar zaman fiye da kwana huɗu, don haka cika salla muke yi, ko da gidan namu a kan taya yake. Juma'a kuwa sai Yuma, kimanin kilomita 130 kudu. Ba kowane mako muke zuwa ba, amma in mun je sai mu haɗa da cefane. Yankin ne ke noma mafi yawan latas ɗin da Amurka ke ci da hunturu, ga gonakin dabino irin Majhul, wanda aka kawo 'ya'yansa goma sha ɗaya daga Maroko a 1927. Hajiya ba ta taɓa barin wurin ba tare da kwali biyu ba. Maƙwabtanmu su kuma Yuma hanya ce gare su zuwa Los Algodones, ɗan garin Meziko da ke cike da likitocin haƙori. Su ajiye mota su tsallaka da ƙafa, su dawo da sabon haƙori da tabarau a kan kuɗin da bai kai na gida ba.

Amma abin da ya riƙe ni a hamadar ba ruwa ba ne, ba rana ba. Ƙarfe huɗu na yamma ne. A wannan lokaci kowa zai ɗauko kujerarsa ta naɗewa a taru wajen wanda ke da itace. Majalisa ce, ba wani abu ba, irin wadda na rasa shekara da shekaru a unguwar da maƙwabci ke ɗaga maka hannu daga cikin mota ya shige gareji. Su suna zuwa da abin shansu, ni da butar shayi da citta da kanumfari. Sau ɗaya aka miƙo mini kwalba, na ce ba na sha, ba a sake ba. Akwai tsohon direban jirgin ƙasa daga lardin Alberta na Kanada da matarsa, waɗanda suka rasa hunturun da ya gabata saboda korona ta rufe iyaka, sai 8 ga Nuwamban nan aka buɗe wa 'yan Kanada hanyar mota. Akwai malamar makaranta da mijinta ya rasu, ta ci gaba da tuƙa motar ita kaɗai. Ba wanda ya tambaye ni muƙamin da na riƙe. Batir nawa gare ka, ina ka sayi gas, gwiwar ta yi sauƙi? Tambayoyin ke nan. In labulen wani bai buɗe ba har ƙarfe goma na safe, za a je a ƙwanƙwasa.

Kuma kada a ɗauka kowa hutu ya zo. Wasu motar ita ce gidan da ya rage musu, fansho bai isa haya ba. Sai da na yi wata guda kafin na gane cewa dattijon da ke kwana a ƙaramar bas kusa da mu ba ƙin cin abincin taro yake ba, abin kawowa ne ba shi da shi. Hajiya ta fi ni ido. Ta fara aika masa da kwano tana cewa ta dafa ya yi yawa, firij ɗinmu ƙarami ne. Ranar da ta yi dambu da gasasshen nama da yajin ƙuli, direban jirgin nan ya yi ta tari yana hawaye yana neman ƙari.

Janairu kuwa garin kamar ranar kasuwa yake tashi, wata guda cur. Ana baje kolin duwatsu masu daraja, ana kafa wata ƙatuwar tanti ta kayan motocin kwana, 'yan gwanjo su cika gefen titi, intanet ya toshe saboda yawan jama'a. Hajiya ta shiga sahun masu tsintar duwatsu a busassun ƙoramu, har motar ta yi nauyi. Ni na fi son tafiyar safe tsakanin dogayen itatuwan saguwaro masu ƙaya, da sauraron kukan dilan hamada bayan isha'i.

A maƙabartar garin akwai wani kabari mai siffar dala, da raƙumin ƙarfe a samansa. Na Hi Jolly ne, wato Haji Ali da bakin sojojin Amurka ya kasa furtawa. A tsakiyar shekarun 1850 rundunar sojan ƙasar ta shigo da raƙuma daga ƙasashen Daular Usmaniyya don gwada su a hamada, shi kuma yana cikin masu kula da su. Yaƙin basasa da ya ɓarke a 1861 ya kashe shirin, raƙuman suka watse, shi ya zauna har ya rasu a nan a 1902. A 1935 jihar ta gina masa dalar. Raƙumin nan yanzu shi ne tambarin garin. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto suna wucewa. Ni na daɗe a tsaye ina tunanin wa ya yi masa sutura, da wane harshe ya yi mafarki a ƙarshen rayuwarsa. Na koma wurin sau uku.

Iskar Maris ce ta sallame mu. Wata la'asar na bar rumfa a buɗe muka tafi wanki, muka dawo muka tarar guguwa ta murɗe ƙarfenta kamar kara. Ga zafi ya fara leƙowa, ga azumi ya ƙarato a farkon Afrilu, Hajiya kuma ta ce ba za ta yi buɗa-baki babu jikoki ba. Dokar wurin ita ce ka bar fili yadda ka same shi, don haka na watsa duwatsun iyaka, na bar na masallacin sai ƙarshe. Malamar makarantar ta zo da ɗan gwangwani a cika mata yaji. Direban jirgin ya rubuta mini girman batirin da ya ce in saya kafin baɗi.

Muna hawa kwalta Hajiya ta ciro takarda tana rubutu. Na ce mene ne? Ta ce, "Jarka huɗu, babbar tukunya, da buhun gero. Kai kuma, Malam, littattafan nan a gida za su zauna."