Sana'ar koyar da fasaha ga matasa masu buƙata ta musamman

Ɗan ƙaramin wuri nake gudanarwa inda muke koyar da zane, ginin yumɓu da buga zane a jikin yadi. Ɗalibanmu duk matasa ne masu buƙata ta musamman da suka wuce shekarun makaranta: kurame, masu tafiya a keke, masu raunin gani, da waɗanda fahimta ke zo musu a hankali. Da safe koyo ake yi, da rana kuma aikin oda, wato jakunkunan yadi, katunan gaisuwa, kofuna da tukwanen fure. Da wannan ciniki da kuɗin horo muke biyan haya da malamai.

Na zaɓi wannan rukuni ne saboda a nan ake mantawa da su. Muddin yaro yana makaranta, yana da inda zai nufa da safe. Ranar da ya gama, sai zaman gida, shekara ta bi shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri.

Abin da na fi gani a wurin sababbin zuwa shi ne ba su saba zaɓa wa kansu komai ba. Ka ajiye wa saurayi fenti kala-kala ka ce wanne yake so, sai ya juya ya dubi wanda ya kawo shi. Tun yana ƙarami ake zaɓar masa riga, lokacin fita, har abokan hira, kuma da ƙauna ake yi. Amfanin fasaha a nan yake. A lissafi akwai amsar da za a ce ba daidai ba. Amma idan ka zana sama da ja, ba mai ce maka ka yi kuskure. Mutum zai yi ta yanke shawara tun safe har a tashi ba tare da fargaba ba, sannu a hankali kuma sai abin ya bi shi har gida.

Yawancin aikina gyaran kayan aiki ne. Wanda yatsunsa ba sa kama abu siriri, muna naɗe masa mariƙin buroshi da soso har ya cika hannu, ko mu ɗaure shi a wuyan hannu da maɗauri. Takarda muna manne ta a tebur don kada ta gudu. Teburin kansa sai an ɗaga shi yadda keke zai shige ƙarƙashi. Mai raunin gani muna fitar masa da layin zane da gam mai kauri ya bushe, ya riƙa bi da yatsa, kwalaben fenti kuma kowace da alamarta da ake shafawa, ko rubutun makafi na Braille ga wanda ya iya. Matakan buga yadi suna manne a bango cikin hotuna: shimfiɗa yadi, ɗora firam mai raga, zuba tawada, ja ta sau ɗaya da roba, ɗaga, sannan a wanke raga kafin tawada ta bushe ta toshe ta. Wanda ya riƙe wannan jeri ya koyi bin tsari da kula da lokaci, ko da ba a kira darasin da wannan suna ba.

Doka mafi wuya a kan malamai take: ba a taɓa aikin ɗalibi sai ya nema. Wata rana wata uwa tana kallon ɗanta yana fama da layi guda, hannunsa na rawa, ta ce, "Malama, ki ƙarasa masa mana, kin ga yana wahala." Na ce, "Mama, ki yi haƙuri ki ɗan ba shi lokaci. In na ja masa, zanena ne zai tafi da shi gida." Ya daɗe kafin ya kai ƙarshen takardar, layin kuma a karkace, amma shi ya ja abinsa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Shekara da shekaru tana ɗauke masa wahala, ba a rana ɗaya za ta saki ba.

Idan sabon malami ya fara shakka, nakan ba shi labarin Judith Scott. Kurma ce mai larurar Down, wato larurar da ake haihuwar mutum da ita mai sa fahimta ta zo a hankali, ta shafe shekara 35 a gidan kula da nakasassu a Amurka kafin 'yar'uwarta, wadda tagwaye suke, ta fito da ita. A 1987 ta shiga Creative Growth, cibiyar fasaha ta masu nakasa da ke birnin Oakland a Amurka, wadda aka kafa a 1974. Ta daɗe ba ta nuna sha'awar zane ba, sai da ta haɗu da zare da tsumma ta fara naɗe abubuwa da su. Kafin rasuwarta a 2005 ayyukanta sun shiga gidajen adana kayan fasaha. Da an matsa mata lallai sai fenti, da ba a san ta ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ma, a sashe na 30, ta ce a ba su damar bunƙasa basirarsu, don amfanin kansu da kuma na al'umma.

A wajen ciniki ba ma sayar da tausayi. Mai saye don tausayi sau ɗaya yake zuwa. Kofin da ya tsage a wuta ba ya fita, jakar da tawada ta malale a kanta a sake ta. Kowane ɗalibi shi ke lissafa abin da ya kashe na kaya da lokacin da aikin ya ci, sannan mu tattauna farashi. Zane mallakin mai shi ne, duk sanda aka sake buga shi yana da kaso, kuma kuɗin asusunsa na banki suke shiga. Wannan ce maganar da ta fi ɗaukar lokaci tsakanina da iyaye, domin wasu suna tsoron a cuci 'ya'yansu, tsoron kuma yana da tushe. Mukan fara da ƙananan kuɗi, ɗalibi ya riƙa duba saƙon shigarsu da kansa.

Sufuri ne ya fi kayar mana da ɗalibai, shi ya sa koyon hanya ya shiga darasi. Malami ya raka mutum, daga baya ya riƙa binsa daga nesa, har a kai ga saƙon waya kawai cewa ya iso. Wasu sun bar mu sun kama aiki a wuraren buga riguna, wasu suna karɓar oda daga gida. Akwai kuma waɗanda za su buƙaci mai taimako har abada. Su muna koya musu yadda za su faɗa wa mai taimakon abin da suke so, da lokacin da suke so, da inda ya kamata ya tsaya.