Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bikin Meskel a ƙasar Muher

A makon jiya na tsaya inda na samu ɗakin haya a Addis Ababa, a gidan wani dattijo mai shagon yadi a kasuwar Merkato. Gashe nake ce masa, kamar yadda ake kiran manya a can. Ɗan ƙabilar Gurage ne, su kuwa mutane ne da kasuwanci ya bi jininsu, tun daga mai goge takalmi a bakin titi har mai babban kanti.

Da watan Satumba ya kama, sai na ga layinsu a kasuwa ya fara yin fayau. Meskel ya zo, wato bikin gicciye na Kiristocin Habasha, kuma Kiristan Gurage ba ya yin wannan biki a birni in yana da halin zuwa gida. Gashe ya ce in shirya mu tafi tare. Muka bi hanyar Jimma zuwa Welkite, kimanin kilomita 150, daga nan muka hau tsaunuka zuwa gundumar Muhor na Aklil, ƙasar Muher, wato su Gashe. Kowane gida zagaye yake da enset, shuka mai kama da ayaba wadda da ita ake yin kocho, abincinsu na kullum.

Da ina ɗauka Gurage harshe ɗaya ne. Ashe tarin harsuna ne 'yan uwan juna: Muher, Ezha, Chaha, Kistane, Meskan da sauransu. Shi kansa Muher kashi biyu ne, Ane-bet da Edi-bet.

Abin da na gani a ɗakin mahaifiyar Gashe shi ne ya tsaya mini a rai. Tsohuwa tana zaune gaban murhu tana gasa kocho, ɗanta na yi mata magana da Muher. Ya juya wajen matarsa, 'yar Ezha, sai harshen ya sauya. Ya waiwayo gare ni da Amharanci, babban harshen Habasha. Duk a zama ɗaya, ko a jikinsa. Sai tsohuwar ta kira jikanta ɗan shekara goma sha wani abu, haihuwar Addis, ta aike shi. Ya gane aiken sarai, ya je ya dawo, amma amsar da ya ba ta da Amharanci ce. Ƙanwarsa kuwa ko ganewa ba ta yi, sai da uwar ta maimaita mata.

Na ce, "Gashe, me ya hana ka koya musu?" Ya ce, "Ɗana, da Muher za su sayar wa wa yadi?"

Ban ga laifinsa sosai ba. Makaranta Amharanci da Turanci, coci Ge'ez (tsohon harshen ibada) da Amharanci, ofis Amharanci. Ko da tsarin ilimi na 1994 ya ba ƙabilun Habasha damar koyar da yara da harshen uwa, makarantun yankin Gurage da Amharanci suka ci gaba, don da wanne daga cikin harsunan za a fara? Ni Bahaushe ma ba ni da bakin magana, na san yadda Hausa ta yi wa ƙananan harsuna a Bauchi.

Daren jajiberin biki aka kunna wutar demera, tarin itacen da ake cinna wa wuta don bikin, washegari aka cika mu da kitfo, nikakken nama da man shanu da yaji. Yadda cikina ya karɓe shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.